Babi na Shida: Inda Taga Ke Rabuwa da Bango

Wanda ya taka a ƙafa cikin tsofaffin unguwannin Landan, ko Birmingham, ko Leeds, zai ga gidaje jere reras, bango na jingine da bango, kuma kusan kowane gida da tagarsa da ta turo gaba ta bar layin ginin. Galibi fuska uku gare ta: babba a tsakiya tana duban titi, ƙanana biyu a gefe sun ɗan karkata. Wata a ƙasa take tsayawa da ɗan rufinta, wata kuwa ta haura har bene. Alhazan da suka shiga tsohon garin Jidda sun ga danginta a jikin gidajen Al-Balad, sai dai na can na katako ne, a rataye suke a jikin bango. Ta Ingila daga ƙasa take tashi, da harsashinta da bulonta da ginshiƙanta. Taga mai ƙirji za mu kira ta a wannan babi.

Masu gida suna son ta, kuma da hujjarsu. A garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, taga mai ɗebo haske ta fuska uku ba ƙaramar ni'ima ba ce. Tana ƙara wa falo fili, tana ba mutum damar leƙa titi dama da hagu yana daga zaune. Amma duk mai duba gini da aka kira kafin a sayi irin wannan gida, wurinta yake fara nufa. Ya san in akwai tsaga a gidan, can ya fi sa ran ganinta: a kusurwar da ƙirjin ya haɗu da babban bango, ko ƙarƙashin dakalin tagar, ko a saman ɗan rufinta.

Dalilin yana cikin yadda aka yi ta tun farko. A ido gida ɗaya ne, amma a wurin ƙasar da ke ɗauke da shi gini biyu ne aka haɗa kafaɗa. Ɗaya mai nauyi ne, ya kafu da zurfi, maƙwabtansa sun riƙe shi dama da hagu. Ɗayan mara nauyi ne, ƙafarsa ba ta nutse ba, kuma rana da ruwa na bugunsa ta gefe uku. Duk abin da ya motsa ƙasa, ko ya ci katako, ko ya kumbura ƙarfe, ba zai motsa su biyun daidai ba. Bambancin nan shi ke fitowa a mahaɗarsu a matsayin tsaga.

Yadda aka gina su

Bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, hukuma ta ɗauki tsawon zamani tana tsoron duk wani katako da ya leƙo titi. Dokokin gini na 1709 da na 1774 sun tilasta a tura katakon taga ciki, a ɓoye shi bayan bulo, shi ya sa gidajen wancan lokaci fuskarsu take a shafe. Ban da wannan akwai haraji. An soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na tagogi kuma a 1851, bayan an shafe shekara 155 ana karɓarsa. Daga nan kayan da ake buƙata don fito da taga waje suka yi araha, daidai lokacin da jirgin ƙasa ke buɗe sababbin unguwanni a bayan gari. Dokar gini ta Landan ta 1894 ta ƙara sassauta sharuɗɗan. Kafin ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya a 1901, ƙaramin akawu ma yana sa ran gidan da zai kama haya ya zo da irin wannan taga.

Waɗanda suka gina yawancin gidajen nan ƙananan 'yan kwangila ne, masu gina jeri guda su sayar su biya bashi su kama na gaba. Kuɗinsu a fuskar gida suke zuba shi, inda mai saye zai gani: ginshiƙan dutse masu zanen ganye, tayil mai launi a bakin ƙofa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ba mai tambaya. Sau da yawa in aka haƙa gindin irin wannan taga, sai a tarar harsashinta layin bulo biyu ko uku ne da aka ɗan faɗaɗa, a zurfin da bai kai rabin mita ba. Babban bangon kuma, musamman in gidan yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya nutsa ninkin haka sau uku ko huɗu. Ban ga laifin maginan gaba ɗaya ba. Ilimin halin ƙasa a ƙarƙashin gini bai zama fanni mai zaman kansa ba sai a ƙarni na ashirin, kuma a hankalinsu abu mara nauyi ba ya buƙatar harsashi mai zurfi. Ta fuskar nauyi sun yi daidai. Abin da ba su lissafa ba shi ne ƙasar da kanta tana motsi.

Akwai kuma batun ɗinki. Ya kamata bulon ƙirjin ya shiga cikin na babban bango, layi bayan layi, su sarƙe. A gidaje da yawa an gama babban bango ne sannan aka jingina ƙirjin, aka ɗan saƙala bulo ɗaya nan ɗaya can, aka rufe da yaɓe. Irin wannan mahaɗa tun ranar da aka yi ta a shirye take ta buɗe.

Yumɓu da itace

Mafi yawan Landan da yankuna da dama na kudu maso gabashin Ingila a kan yumɓu suke zaune, kuma yumɓun Landan yana daga cikin masu saurin ƙanƙancewa in ya bushe, da kumbura in ya sha ruwa. Duk wanda ya ga yadda laka ke darewa a fadama da rani, har ƙafar akuya ta shige, sannan ta haɗe da ruwan fari, ya san halin. Zafi da iska kaɗai suna busar da kimanin mita guda na saman ƙasa. Abin da ke ƙasa da haka danshinsa ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara. To, ga babban bango ya tsaya a kan ƙasar da ba ta motsi, ga ƙirji ya tsaya a tsakiyar wadda ke sauka da bazara ta hau da hunturu. Shi ya sa a yau ba a yarda a kafa harsashi a irin wannan yumɓu a zurfin da ya gaza kimanin mita ɗaya ba, in kuma akwai itace kusa, a kan wuce mita biyu.

Itace shi ke kai bushewar inda rana ba ta isa. Babbar bishiya mai ganye tana iya zuƙar ɗaruruwan lita na ruwa a yinin zafi guda, kuma saiwoyinta suna janyo shi daga zurfin mita uku ko fiye. Itatuwan ok da fofla da wilo su ne aka fi sani da ƙishirwa, sai filen da aka jera a titunan Landan tun zamanin Biktoriya saboda yana jure hayaƙi. Mutane da yawa suna zaton saiwa ce ke kutsawa ta fasa harsashi. Da wuya hakan ta faru. Ruwan kawai take shanyewa, yumɓu ya ƙanƙance, ƙasa ta janye daga ƙarƙashin bulo. Kuma wane sashe na gida ne ya fi kusa da bishiyar bakin titi? Tagar da ta turo gaba. Ko shingen ganye da mai gida ya dasa a gindinta don ya kāre falonsa daga idon masu wucewa ya isa ya busar da ƙasar da irin wannan ɗan harsashi ya dogara a kai.

Tsagar da wannan ke haifarwa tana da kamanninta. Gaban ƙirjin ne ke sauka, don haka gaba ɗayansa yake rinjaya waje, sai a ga tsaga a tsaye a kusurwar haɗuwa, mai faɗi a sama, tana tsukewa yayin da take gangarowa. Ƙarƙashin dakali kuma takan bi layin kwaɓin bulo tana hawa mataki-mataki. Daga ciki, filasta kan buɗe a daidai inda silin ɗin ƙirjin ya haɗu da na falo, tagogin masu zamewa sama da ƙasa su fara cijewa. Babbar shaidarta ita ce lokaci. Tana buɗewa a ƙarshen zafi, wajen Agusta da Satumba, ta koma ta rufe ko ta kusa rufewa kafin Maris, bayan ƙasa ta ƙoshi da ruwan hunturu.

Kamfanonin inshora a Birtaniya sun sa saukar ƙasa cikin abin da suke biya a 1971, a lokacin suna ganin abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba. Farin 1976 ya nuna musu akasin haka. Tun daga nan kowace shekarar fari da nata ambaliyar koke: 1990, 2003, 2018, da 2022, shekarar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko tun da aka fara ajiye lissafi. A watanni uku kacal na 2018, Yuli zuwa Satumba, gidaje fiye da 10,000 ne suka kai kuka, na kuɗin da ya kai fam miliyan 64.

A nan ne mai gida yakan yi gaggawar neman mai sare itace, kuma a nan nake roƙon a dakata. In bishiyar ta girmi gidan, ko ta daɗe tana riƙe ƙasar a bushe, sare ta na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago. Yumɓun da ya shekara hamsin da ƙishi zai fara sha a hankali, ya kumbura, ya ɗaga abin da ke kansa, kuma abu mara nauyi shi ya fi sauƙin ɗagawa. Masu bincike na cibiyar binciken gine-gine ta BRE, wadda ke Garston kusa da Watford, sun bi wani gini da ya yi shekara 25 yana tashi bayan an sare itatuwan da ke filinsa. Tsagar kumburi ba ta rufewa da hunturu, ƙaruwa take yi. Sannan itatuwa da dama doka ta kāre su, ba a taɓa su sai da izinin ƙaramar hukuma.

Wannan ba ya nufin a bar bishiya ko ta halin ƙaƙa. A Maida Vale da ke Landan, saiwoyin wani filen na bakin titi sun busar da ƙasar wani babban gidan haya mai suna Delaware Mansions a ƙarshen shekarun 1980. Hukumar Westminster, mai bishiyar, ba ta yarda a cire ta ba. Aka ƙara wa ginin harsashi a kan kuɗi fiye da fam 570,000, alhali da an cire bishiyar gyaran bai fi na kimanin fam 14,000 ba. A 2001 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke hukunci hukumar ta biya. Tun daga wannan shari'a ƙananan hukumomi suka ƙara tsorata da itatuwansu, kuma ina baƙin cikin cewa an sare bishiyoyi masu yawa da datse rassa a kai a kai zai wadatar. Titin da aka raba da inuwarsa yakan jira shekara arba'in kafin ya mai da ita.

Ba kowace ƙasa ce yumɓu ba. Inda gida ke kan yashi ko tsakuwa, ko kan ƙasar da aka cike, yawan ruwa ne abin tsoro. Bututun da ke sauko da ruwan rufi sau da yawa a kusurwar ƙirjin yake, yana zuba cikin magudanar yumɓu gasasshe da ta haura shekara ɗari. In mahaɗinta ya saki, ruwa ya riƙa kwashe lallausar ƙasa kaɗan-kaɗan daga gindin harsashi. Tsagar wannan ba ruwanta da bazara ko hunturu, gaba kawai take ci. Sa'ar da ake yi ita ce ganowa ba wuya, ana zura kyamara cikin bututun a gani, kuma gyaran magudanar kaɗai yakan tsai da motsin. A yankunan da aka haƙi kwal, kamar Yorkshire da kudancin Wales, akwai ƙarin tambayar tsofaffin ramuka, wadda muka ware wa babinta.

Abin da ke sama

Wani lokaci ƙasa ba ta da laifi ko kaɗan. Don falo ya buɗe zuwa cikin ƙirji, dole a huda babban bango da faɗin mita biyu ko uku, kuma duk bulon da ke sama da wannan huda, da daɓen bene, wani lokaci har da sashen rufi, a kan gungumen katako guda suke zaune. Ba a ganinsa, filasta ta rufe shi. Wurin da yake kwance kuwa shi ne daidai inda ɗan rufin ƙirjin ya haɗu da bango, wato inda yoyo ya fi farawa. Dalmar da aka shimfiɗa a wurin takan tsufa ta tsage, ganye ya toshe indararo, ruwa ya riƙa ɗiga kan kawunan gungumen da ke cuse cikin bulo. Shekaru suna tafiya, fumfuna mai cin katako tana aikinta a cikin duhu.

In gungumen ya fara lanƙwasa, tsagar a saman ƙirjin take bayyana, a jikin babban bango. Takan tashi daga gefe biyu tana hawa mataki-mataki, su nufi juna, su zana dala. Dakalin tagar bene ya karkata, daɓen katakon ɗakin sama ya ɗan zurma ta wajen titi. A ganina wannan ita ce tsagar da ta fi cancantar a ji tsoronta, ko da siririya ce, domin yumɓu yana sauka a hankali ya kuma dawo, amma ruɓaɓɓen katako ba ya dawowa. Mai dubawa na ƙwarai zai nemi a fasa filasta a ga gungumen ido da ido, a soka masa ƙarfe mai tsini a ji ko da sauran ƙwari. Yawanci da na ƙarfe ake maye gurbinsa, bayan an tokare bangon sama.

Akwai ɓarnar da ta zo daga baya, kuma ita ce ta fi ba ni takaici don da hannu aka yi ta. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an gina gidaje kusan miliyan huɗu a Birtaniya, da yawansu tagwaye ne masu ƙirji mai hawa biyu, wani a lanƙwashe kamar baka. A irin waɗannan babu ginshiƙin bulo ko na dutse tsakanin gilasai. Katakon tagar da kansa, mai kauri, shi ke ɗauke da bangon da ke tsakanin tagar ƙasa da ta sama, da tagar saman, da rufinta. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 sai kasuwar tagogin roba masu gilashi biyu ta buɗe, 'yan talla suna bi gida-gida. Aka riƙa cire katakon da ke ɗauke da kaya ana sa roba, wadda ba a yi ta don ɗaukar komai ba. Ƙa'ida ita ce a sa sandunan ƙarfe a kusurwoyi, masu tashi daga dakali su tokare sama, amma da yawa ba a sa ba, ko an sa ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Bayan 'yan shekaru sai saman ya zauna, tsaga ta buɗe a gefe biyu na ƙirjin bene, murfin taga ya ƙi rufuwa, gilashi ya fashe ba wanda ya taɓa shi. Sai a Afrilun 2002 aka sa sauya taga ƙarƙashin dokokin gini a Ingila da Wales, aka kafa tsarin FENSA na rajistar masu wannan aiki. Gidajen da aka yi wa aikin kafin nan suna nan birjik.

Tsatsa ma tana da rabonta. Ginshiƙan dutse na zamanin Biktoriya da ƙusoshin baƙin ƙarfe aka haɗa su, kuma ƙarfe in ya yi tsatsa yakan kumbura ya ninka kaurinsa, ya fasa dutsen daga ciki. A gidajen shekarun 1930 masu bango biyu da rata a tsakani, ƙarafan da ke riƙe bangon waje da na ciki kan yi haka, sai a ga tsaga a kwance, layi-layi, a tazara ɗaya. Kada kuma a manta da yaƙi. Ruwan bama-baman 1940 da 1941 ya taɓa gidaje fiye da miliyan ɗaya a Landan, kuma an gyara da yawansu cikin gaggawa da ƙarancin kaya. Tsagar da mai gida ya gano jiya bayan ya ɓare tsohuwar takardar bango tana iya girmar mahaifinsa.

Karanta tsaga

Saboda haka tambayar farko ita ce ko tsagar tana da rai. Tsohuwa cikinta baƙi ne, da ƙura da yanar gizo, bakinta ya goge, wani lokaci fenti ya shiga ciki. Sabuwa cikinta fes yake, bakinta da kaifi. Gida mai shekara 120 da ya motsa a shekarunsa goma na farko ya zauna, ba shi da wata cuta da za a yi wa magani.

Tambaya ta biyu faɗi. A 1981 BRE ta fitar da ma'aunin da injiniyoyi da kamfanonin inshora ke aiki da shi har yau, mai matakai shida daga 0 zuwa 5. Abin da bai wuce milimita 1 ba, na mai fenti ne. Har zuwa milimita 5 ana cikewa cikin sauƙi, ko da yake ƙofa da taga na iya ɗan cijewa. Daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an sāke wasu bulo. Daga 15 zuwa 25 babban gyara ne, abin da ya haura 25 kuwa ana maganar tokare gini da sāke wani sashe. Mafi yawan tsagogin da ke hana masu gida barci a matakai ukun farko suke. Sai dai ma'aunin yana faɗin girman ɓarna ne kawai, ba ya faɗin sanadi, shi ya sa siririyar tsaga a kan ruɓaɓɓen gungume ta fi mai faɗin yatsa da ta shekara sittin ba ta motsa ba hatsari.

Sanadi sai da haƙuri ake gane shi. Ana manna ƙananan ƙusoshi a gefe biyu na tsagar a riƙa auna tazararsu, ko a kafa alamomi a jikin bango a riƙa auna hawa da saukarsu, wata bayan wata, har shekara ta zagayo. Ana haƙa ɗan rami a gindin ƙirjin a ga zurfin harsashi, a ɗebi ƙasa a auna danshinta, a ɗauki saiwar da aka samu a kai ɗakin bincike a gane ta wace bishiya ce. Masu gida sukan ƙosa da wannan jira, suna ganin kamfanin inshora ne ke ja musu rai, ga shi kuma galibi fam 1,000 na farko daga aljihunsu zai fita. Na fahimci ƙosawar. Amma layin awon da ya sauka da bazara ya hau da hunturu ya riga ya nuna yumɓu da itace, wanda ya yi ta sauka ba dawowa ya nuna magudana ko ƙasa mai rauni, wanda ya yi ta hawa ya nuna kumburi. Magungunansu uku daban-daban ne, kuma na ɗaya yana iya ƙara wa ɗaya ciwo.

Gyaran da ya fi yawan cutar da waɗannan gidaje shi ne na siminti. An gina su ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda yake da taushi. In bango ya motsa, kwaɓin yakan ba da kai kaɗan-kaɗan a layuka da yawa, har ƙananan tsagoginsa su kan haɗe da kansu in danshi ya ratsa su. Da wannan taushin ne ƙirji mai ɗan guntun harsashi ya yi shekara ɗari yana hawa yana sauka bai faɗi ba. Simintin Portland, wanda Joseph Aspdin na Leeds ya yi wa rajista a 1824, bai mamaye ginin gidaje ba sai a ƙarni na ashirin, kuma ya fi tsohon bulo tauri. In aka cusa shi cikin tsagar da ke rufewa da hunturu, ya hana ta rufewa, sai ƙirjin ya ƙara turuwa waje, bazara ta gaba tsagar ta buɗe a gefensa ta fi da. In aka bi duk layukan bulo da shi, danshi ya rasa hanyar fita sai ta jikin bulon, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare.

Ƙara wa harsashi zurfi da kankare, wanda aka yi ta yi bayan 1976, yanzu shi ne matakin ƙarshe. Yana da tsada, yana bin gida a takardun inshora duk lokacin da aka zo sayarwa, kuma in aka zurfafa ƙirjin kaɗai ya fi babban bango kafuwa, bambancin motsin yana nan, juyawa kawai ya yi. A mafi yawan lokuta abin da ake buƙata bai kai haka ba: a gyara magudana, a rage bishiya ko a cire shingen ganye, a jira ƙasa ta dawo hayyacinta, sannan a ɗinke tsagar da siraran sandunan ƙarfe marasa tsatsa da ake binnewa cikin layin kwaɓi, a ɗaure ƙirjin da katakon daɓen bene, a cike da farar ƙasa. Inda ƙirjin ya rinjaya har ba ya ceto, ana sauke shi a hankali, a sa wa duwatsun ado lamba, a zuba sabon harsashi daidai zurfin na gidan, a mayar da kowane dutse mazauninsa. Wasu injiniyoyi kan bar siririyar rata a mahaɗar da gangan, su cike ta da abu mai laushi da ke hana ruwa shiga, don in sassan biyu sun sāke motsi kowanne ya yi nasa ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba.